Facin da Mukhtaru Ya Yi a Kudai

A unguwar Tandabawi ta Makka aka haifi Mukhtaru mai facin roba, a wani ɗaki kan dutse inda in ka leƙa ta taga kana hango hasumiyoyin Harami. Bai taɓa taka ƙasar Najeriya ba, amma duk ɗan sandan da ya tsayar da shi, ɗan Najeriya yake kiransa. Ubansa Idris ya zo Makka da ƙafa ta Sudan, tare da amaryarsa Hadijatu, da niyyar su sauke farali su koma Haɗejia. Lokacin da aka buɗe wa takari, wato mutanenmu mazauna Makka, ƙofar karɓar takardar zama 'yan ƙasa, maƙwabta suka je suka karɓa. Idris ya ce ina ruwansa da takardar Larabawa, shi da ya bar gona a gida, baɗi zai koma. Yana ta baɗi baɗi har aka kai shi maƙabartar Ma'ala. Ya bar mata da 'ya'ya biyu da ƙarfen liƙi, bai bar musu ko fallen takarda ba.

Idris gwangwanin 'yan ga-ruwa yake liƙewa da dalma. Da roba ta kori gwangwani, sai Mukhtaru ya bi roba da ƙarfen ubansa. Tankunan ruwa na saman gidaje, da bahon wanki, da kulolin shayi, da jarkokin zamzam, duk sun bi ta hannunsa. Yakan yanka tsohuwar jarka siri-siri, ya gasa ƙarfe, ya narka ta cikin tsaga. Wannan kowane mai faci ya iya. Abin da ya raba shi da su shi ne ba ya iya barin tabo. Sauran sukan bar maka baƙin ƙulli su ce ai ba ya yoyo, su kama gabansu. Mukhtaru sai ya zauna yana kankara yana gogewa har mai kaya ya gaji da jira, ya rasa inda tsagar take. Ba a ƙara masa komai a kan wannan wahala, kuma bai taɓa dainawa ba.

A shekarar dubu biyu da goma sha uku, lokacin babban kamen marasa iƙama, wato takardar izinin zama, aka kama matarsa Fatsuma tana tallan ƙosai, aka tura ta Kano ita da 'yarsu. Da yawa sun miƙa kansu sun bi iyalinsu. Shi bai bi ba, saboda Hadijatu. A lokacin ƙafafunta sun fara ƙin ta, ido ya yi hazo, kuma burinta na duniya ya taru ya zama ɗaya tak: in ta mutu a yi mata salla a Harami, a binne ta a ƙasar Makka kamar mijinta. Ba ta roƙi Mukhtaru lafiya ko daɗi ba, wannan kaɗai ta ɗora masa. 'Yarta Ummulkhairi tana aure a Jidda, ta sha cewa a kawo ta can, tsohuwar ta ce ko a mafarki.

"Ban ratso Sudan da ƙafa don in je in mutu a bakin teku ba," in ji ta.

Shekara ta zagayo, aka zo aka rubuta jan rubutu a bangon layinsu. Masu rusau ba su yi da wasa ba. Masu takardar gida suka karɓi diyya suka tafi, 'yan haya irin su Mukhtaru suka kwashe tabarmi. Ya zaga unguwanni yana neman ɗaki, ko'ina tambaya ɗaya ce, ina iƙama. Mutumin da ya liƙe tankunan rabin Tandabawi ya rasa inda zai kwantar da uwarsa.

Talal ne ya fitar da shi. Tare suka yi wasan ƙasa, sai dai kakan Talal yana cikin waɗanda suka je suka karɓi takarda, don haka yanzu yana da motocin ɗaukar alhazai da fili a unguwar Kudai inda yake ajiye su. Hausarsa ta kusa ƙarewa, sai gaisuwa da zagi. A ƙarshen filin, jikin katanga, akwai wata tsohuwar karafan, irin motar nan mai ɗaki a cikinta, da gadaje biyu da ɗan madafi da bayan gida. Da can yana kai ta Arfa lokacin hajji, manyan baƙi su huta a ciki. Sai magsalar cikinta, wato kwanon wanke hannu na farar roba, ta tsage tun daga ramin ruwa har baki. Ruwa ya yi ta bi ta ƙarƙashi ba wanda ya lura, katako ya ruɓe, wari ya kama motar. Ya nemi irin magsalar a kasuwa bai samu ba, ya tura motar jikin katanga ya manta da ita.

"Ku zauna a ciki, ya akhuya, ɗan'uwana," in ji Talal. "Ba abin da nake yi da ita. Khala Hadijatu uwata ce ni ma."

Mukhtaru ya goya Hadijatu ya hau da ita matakalar motar. Abu na farko da ta tambaya shi ne ko nan cikin haddin Harami ne. Ya ce ciki ne, Inna, har ana jin kiran salla in iska ta juyo. Ta ce to alhamdulillahi, wari ba komai ba ne.

Mai gadin filin wani dattijo ne ɗan Damagaram, sunansa Maman. Shi ya jawo musu wayar wuta daga ɗakinsa don fanka. Ran da suka tare ya zaunar da Mukhtaru ya tuna masa abin da kowane ba-takare ya sani tun yana ɗan yaro. In an ba ka aron wuri, ka bar shi da muninsa. Kada ka shafa fenti, kada ka gyara ƙofa, kada ka share gaban gida da yawa. Ranar da wuri ya yi kyau, ranar mai shi yake tuna nasa ne. Mukhtaru ya ce ya sani, ai a Tandabawi ya girma, inda ake shimfiɗa kafet a ciki a bar bangon waje yana zuba.

Ya kuwa kiyaye, watanni. Ya toshe ramin magsalar da tsumma, ya ajiye wa tsohuwa buta da baho kusa da gado. Da safe ya fita neman aiki, da yamma ya dawo ya zubar da ruwan. Amma Hadijatu mace ce mai tsabta har ta yi yawa, ba ta iya zama da ruwan alwalar azahar a gabanta har magariba. Wata rana ta ja bahon zuwa ƙofa don ta watsar, ya rinjaye ta, ta bi shi ƙasa. Maman ne ya tsince ta a kan kwalta mai zafi, goshi a fashe, zani a jiƙe. Da Mukhtaru ya dawo ya gan ta, sai ya juya ya dubi magsalar. Tana nan dab da gadon, in tsohuwa ta zauna a gefe hannunta yana kaiwa famfo ba tare da ta tashi ba.

Washegari ya yi wa magsalar irin facin da ya saba. Ya yanka jarka, ya gasa ƙarfe, ya cika tsagar. Bayan kwana kaɗan Hadijatu ta dafa bakin magsalar za ta gyara zama, facin ya ɓare gaba ɗaya kamar ɓawon gyambo, ruwa ya jiƙa mata dardumar salla. Mukhtaru ya ji kunya irin wadda bai ji ba tun yana koyo. Ya kankaro ɗan ɓarɓashi daga ƙarƙashin magsalar ya kunna masa ashana. Robar jarka in ta ƙone ƙamshin kyandir take yi. Wannan kuwa baƙin hayaƙi ta tayar, mai ɗaci a maƙogwaro. Ya san warin, na murfin na'urar sanyaya ɗaki ne. Robobin biyu ba jinsi ɗaya ba ne, ko ya kwana yana narkawa ba za su kama juna ba.

Ya san inda zai sami irinta kyauta. Ya koma Tandabawi, ya bi ta kan tarin ɓaraguzai inda layinsu yake a da, yana tona fasassun murafan na'urori farare. Bai iya gane inda ɗakinsu ya tsaya ba, don har dutsen an fara sarewa. Ya cika buhu ya dawo ransa a jagule.

Ya goga robar a magogi ta zama gari, ya zuba a kwalba, ya tsiyaya mata asiton, ruwan nan da mata ke goge jan farce da shi, ya rufe har ta narke ta yi kauri kamar koko. Ya gasa ƙusa ya huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya. Ya bi tsagar da wuƙa ya ɗan buɗe bakinta. Sannan ya kwanta rigingine cikin akwatin da ke ƙarƙashi, cikin ruɓaɓɓen katako da kyankyasai, ya shafa narkakkiyar robar, ya manna yankin ragar taga, ya sake shafawa, ya bari ta sha iska, ya ƙara wani yankin. Warin asiton ya sa dole ya fito da tsohuwa inuwar katanga, shi kuwa kansa ya yi ta sarawa. Da abin ya bushe ya cika magsalar da ruwa, ya sa busasshen kwali a ƙasa. Har la'asar ko ɗigo bai sauka ba.

Maman ya leƙo ya gani. Ta sama tsagar tana nan, doguwar jijiya mai ruwan toka, mummuna, amma ba ta yoyo.

"Halas, ya isa, ka tsaya nan," in ji Maman. "Hajiya ta samu wurin alwala. Wanda ya leƙo ya ga fasasshen abu, ya tafi."

"Na tsaya," in ji Mukhtaru.

Bai tsaya ba. Gadonsa yana fuskantar magsalar, kullum ya buɗe ido da asuba tabon ne yake fara gani. Tsohuwar ma in tana alwala yatsunta sukan tsaya a kan jijiyar, ta shafa ta. Wannan shafawar ita ta fi cin sa. Ya ce wa kansa zai ɗan rage kaifin ne kawai kada ya yanke ta. Ya cika saman da sauran robar kwalba, ya ɗauko samfefa mai kaushi, daga ita ya koma mai laushi yana jiƙa ta da ruwa, ya ƙare da man goge baki da tsumma. Da ya ɗaga kai, magsalar ta koma fara fat, shi kansa sai ya karkata ta wajen haske kafin ya ga inda ya yi aiki. Daga nan kuma ruɓaɓɓen katakon ya zama abin kunya kusa da ita, ya ɓamɓare shi ya sa wani da ya tsinto. Wari ya tafi. Ya wanke labule. Maman ya daina shigowa shan shayi, in sun haɗu sai ya girgiza kai kawai.

Watannin nan su ne mafi daɗi da Hadijatu ta yi tun mutuwar mijinta, wannan gaskiya ce, kuma ba wanda zai ƙwace wa Mukhtaru ita. Tana zaune a gefen gado take buɗe famfo da kanta, ta yi alwala sau nawa ta ga dama, ba ta jiran kowa. Har ƙiba ta ɗan yi.

Bayan ƙaramar salla Talal ya zo gaishe ta, da kwalin dabino da shinkafa da kaza. Suka ci tare a ƙasa. Da ya gama ya tashi yana neman buta, tsohuwar ta ce masa ga famfo nan, ɗana ya gyara. Talal ya wanke hannu, ya tsaya yana kallon ruwan yana tafiya. Ya bi magsalar da ɗan yatsa daga rami har baki, ya sake bi.

"Ina tsagar? Sabuwa ka samo?"

"Ita ce dai," in ji Mukhtaru.

Kuma ya yi murmushi. Wannan murmushin ne ya kasa yafe wa kansa daga baya. Har durƙusawa ya yi ya buɗe akwatin ƙasa, ya nuna wa Talal ragar da sabon katakon, yana bayani. Talal ya ƙwanƙwasa daɓen da dunduniya, ya shaƙi iska, ya ɗaga kai ya dubi rufi, yana ta mashaallah. Ta taga Mukhtaru ya hango Maman a tsaye, ya juya musu baya.

Ba a daɗe ba makaniki ya zo duba inji, wai don kada ya daskare. Bayansa mai gyaran na'urar sanyi ya zo. Da watan Zulƙida ya kama, Talal ya zo da kansa, bai shiga ba, ya kira Mukhtaru bayan mota. Ya ce bana yana da manyan baƙi, suna son wuri mai sanyi a Arfa, kuma hayar irin wannan mota ta yi tsada. Kwanakin hajji ne kawai. Direbansa zai kai Khala wurin Ummulkhairi a Jidda, ai mai fita daga Makka ba a tambayarsa takarda. Bayan hajji, in an sassauta shingayen hanya, a san yadda za a dawo da ita. Shi kuma Mukhtaru ya bi motar Arfa ya kula da ita, a biya shi.

"Ma'aleshi, yi haƙuri, ya akhuya. Wallahi bayan hajji taku ce."

Talal ba mugu ba ne, abin haushin ke nan. Da mugu ne da an sami wanda za a zaga. Motarsa ce, ya ba da aro lokacin da ba wanda ya bayar, yanzu yana son abinsa na ɗan lokaci. Mukhtaru ya buɗe baki zai yi maganar haddin Harami, sai ya ga Talal ya riga ya ɗaga waya yana magana da wani.

Ya sake zaga gari. A wannan lokaci na shekara ko ƙarƙashin matakala an ba alhazai haya, kuma ana tsananta wa duk wanda ya ɓoye marar takarda. Maman ya ce da ɗakin gadi zai ɗauki mace da ya ba ta, amma direbobi ne ke kwana a ƙofarsa. Wata safiya Mukhtaru ya ɗauki guduma ya tsaya a kan magsalar. Ya daɗe a tsaye. Ya san ko ya fasa ta yanzu ba abin da zai canja, inji ya tashi, sanyi ya dawo, Talal zai sa baho a wurin ya tafi da motarsa. Ya mayar da gudumar cikin jaka.

Da ya gaya wa tsohuwar, ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.

"Mukhtaru, ka san abin da na roƙe ka."

"Na sani, Inna. Kwana kaɗan ne. Ana sauka daga Mina zan zo in ɗauke ki."

"In na kai."

"Za ki kai, insha Allahu."

Ta ce ya matso da ita ta yi alwala kafin mota ta zo. Da direban Talal ya iso, Mukhtaru ya goya ta ya sauko da ita, ya zaunar da ita a kujerar baya. Ta sa direban ya sauke gilashi, ta juya fuskarta wajen Harami ko da yake ba ta gani, haka motar ta fita da ita daga filin.

Ranar Arfa, Mukhtaru yana bayan karafan yana ɗura ruwa a tanki, rana tana dukan ƙeyarsa, baƙin Talal suna ciki cikin sanyi suna addu'a. Bayan azahar waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ummulkhairi ce. Tun kafin ta yi magana ya ji kukan mata a bayanta.

"Yaya, Inna ta cika."

Ya zauna a ƙasa, tiyo yana zuba a kan ƙafarsa. Ta ce zazzaɓi ne na kwana biyu, ba su gaya masa ba don sun san ba shi da hanyar zuwa. Ta ce da safe tsohuwar ta farka ta tambaya ko Mukhtaru ya iso.

"Me kika ce mata?"

"Na ce kana hanya."

Ya shiga motar ba sallama, cikin jiƙaƙƙen wando, ya kama hannun Talal a gaban baƙinsa. Talal ya yi salati, idonsa ya kawo ruwa, ya fito waje ya yi ta kiran mutanen da ya sani. Duk amsa ɗaya suka ba shi. Yau ranar Arfa ce, hanyoyi a rufe suke, mai rai da takardar izini ma da ƙyar yake shiga Makka, balle gawar da ba ta da suna a ko'ina. Aka yi wa Hadijatu salla a wani ƙaramin masallacin unguwa a Jidda, aka binne ta can. Ɗanta bai je ba, yana tsakiyar mutane sama da miliyan da suka ɗaga hannu suna kuka, ba wanda ya ga bambancin nasa kukan.

Talal ya cika alkawari. Bayan hajji aka dawo da motar jikin katanga a wanke, ya aiko wa Mukhtaru da makulli. Mukhtaru ya ba Maman ajiya, ya shimfiɗa kwali a bakin ɗakin gadi, nan yake kwana. Yana fita aiki kamar da, sai dai ya rage magana, kuma Fatsuma in ta kira daga Kano ta tambaye shi me yake jira yanzu, sai ya kawo wata maganar.

Ran wata Juma'a, kafin alhazai su gama watsewa, ya je Harami. Bayan an sallame, ladan ya yi kiran sallar gawa, aka shigo da makara bayan makara a kafaɗun mutane. Wani mai shara ɗan Sakkwato da ke kusa da shi ya raɗa masa cewa yawancinsu alhazan bana ne, akwai ma wata tsohuwa da ta sauka daga jirgi makon jiya, ko umara ba ta ƙarasa ba Allah ya karɓi abinsa.

"Ka ga masu rabo," in ji mutumin.

Liman ya yi kabbara. Mukhtaru ya ɗaga hannu tare da jama'a, ya bi sallar har inda ake yi wa mamaci addu'a. Nan bakinsa ya ƙi faɗin komai sai sunan Hadijatu, ya yi ta maimaita shi a kan gawarwakin baƙi har aka yi sallama aka ɗauke su.